Abin da Na Koya Ranar da Shafinmu Ya Fara Magana da Japananci

Na yi shekaru ina kula da shafin intanet na wata ƙaramar ƙungiya mai aikin ilimi, kuma a mafi yawan wannan lokaci abin da nake kira kulawa bai wuce in ɗora sanarwa, in sauya hoto, in biya kuɗin haya idan shekara ta zagayo ba. Wata safiya shugaban ƙungiyar ya aika a kira ni, ya miƙo mini wayarsa tun kafin mu gama gaisawa, ya ce, "Malam, yaushe muka fara sayar da jakunkuna a Japan?" Ashe sunan ƙungiyar ya rubuta a Google domin ya tura wa wani baƙo adireshinmu, sai ya ga an jera layuka da rubutun Japananci a ƙarƙashin sunanmu, ga farashi, ga sunayen agoguna da takalma masu tsada. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni ɗan lokaci in duba." Na koma teburina na buɗe shafin, na tarar da shi lafiya ƙalau, sanarwar da na ɗora makon da ya wuce tana nan, hoton ginin yana nan, babu ko harafi ɗaya na baƙon harshe.

Wannan ne ya fara rikita ni, domin ban taɓa tunanin shafi ɗaya zai iya nuna fuska biyu ba. Daga baya na fahimci cewa duk wanda ya nemi shafi, mutum ne ko na'ura, yakan gabatar da kansa ga kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ya faɗi irin manhajar da yake amfani da ita da kuma inda ya fito. Waɗanda suka yi mana kutse sun dasa wata 'yar manhaja da ke duba wannan gabatarwa. Idan ta ga ni ne na rubuta adireshin kai tsaye, sai ta nuna mini shafinmu na gaskiya. Idan ta ga Googlebot ne, wato na'urar da Google ke aikawa tana zagaya shafuka, sai ta shimfiɗa masa shafukan Japananci. Idan kuwa mutum ne ya latso daga sakamakon bincike, sai ta karkatar da shi zuwa wani kanti mai sayar da jabun kaya. Dabarar tsohuwa ce, kuma ba ƙananan ɓarayi kaɗai suka taɓa gwada ta ba: a watan Fabrairun 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga sakamakonsa na 'yan kwanaki saboda an samu shafukan da ke nuna wa injin bincike wani abu, su nuna wa mutane wani abu daban.

Wani abokin aiki da ya fi ni sanin harkar ne ya nuna mini yadda ake tambayar Google ya jero duk shafukan da ya sani a ƙarƙashin adireshi ɗaya. Shafinmu na ainihi 'yan shafuka ne da zan iya lissafawa da ka, amma abin da ya fito dubbai ne. Da na shiga Search Console, wurin da Google ke bai wa mai shafi damar ganin yadda injin ke kallon shafinsa, sai na tarar da abin da ya fi ba ni kunya: akwai wani mai shafi na biyu da ban sani ba, wanda ya tabbatar wa Google cewa shi ma shafin nasa ne ta hanyar ajiye wani ƙaramin fayil a cikin ma'ajiyarmu, sannan ya miƙa taswirar shafi mai ɗauke da jerin dukkan adireshin bogin domin a hanzarta zuwa a karanta su. Ma'ana, ya bi dukkan ƙa'idojin da ni mai shafin ban taɓa damuwa in bi ba. Irin wannan kutse sananne ne har Google ya rubuta jagora ta musamman a kansa, yana kiransa kutsen kalmomin Japananci, kuma yana da 'yan'uwa: wanda ke cusa tallar magunguna, da wanda ke cusa shafukan caca, irin wanda ya addabi shafukan gwamnati da na jami'o'i a Indonesiya.

Ƙofar da suka shigo ta ita ce wata ƙaramar manhaja da na liƙa wa WordPress, wato babbar manhajar da aka gina shafinmu a kanta, shekaru da suka wuce domin nuna hotuna, na daina amfani da ita, amma ban cire ta ba kuma ban sabunta ta ba. Babu wanda ya zauna ya zaɓi ƙungiyarmu. Na'urori ne ke bin adireshi bayan adireshi dare da rana suna taɓa kowace ƙofa, kuma tun da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kan WordPress aka gina su, rauni ɗaya a manhaja ɗaya yakan buɗe gidaje masu yawan gaske a lokaci guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ni aka ba amanarsa.

Tambayar da ta hana ni barci ita ce dalilin da ya sa Google ya karɓi waɗannan shafuka tun farko. A da ina ɗauka cewa idan na rubuta tambaya, injin yakan fita ya bincika intanet a wannan lokaci. Ba haka abin yake ba. Aikin mataki uku ne. Da farko na'urar zagaye takan bi mahaɗai, wato rubutun nan da ake latsawa ya kai mutum wani shafi, ko ta bi taswirar da mai shafi ya miƙa, ta ɗauko kwafin abin da ta gani. Sannan a tace kwafin a ajiye shi a wani katafaren kundi da ke nuna wace kalma ce ta fito a wane shafi. Sai mataki na uku, lokacin da mutum ya yi tambaya, a duba kundin a jero shafukan da suka dace bisa wasu ma'aunai masu yawa. A duk matakan nan uku babu inda wani ɗan Adam ke zama ya karanta shafi ya ce wannan gaskiya ne, wancan ƙarya ne. Adadin ya fi ƙarfin haka. Abin da injin ke da shi alamu ne kawai: waɗanne kalmomi ne a shafin, su wa suka yi nuni zuwa gare shi, tun yaushe adireshin yake, yaya aka tsara shi. Kuma duk alamar da za a iya aunawa da na'ura, akwai wanda zai zauna ya koyi yadda ake ƙera ta da na'ura.

Mafi girman waɗannan alamu a tarihi ita ce wadda Larry Page da Sergey Brin suka gina Google a kanta lokacin da suke ɗalibai a Jami'ar Stanford, kafin su kafa kamfanin a 1998. Injunan binciken da suka gabace su sun fi dogara da kalmomin da ke cikin shafi, don haka masu wayo sai su maimaita kalma ɗaya sau ɗaruruwa, wani lokaci da farin rubutu a kan farin shafi yadda ido ba zai gani ba. Tsarin da Page da Brin suka ƙirƙiro, mai suna PageRank, ya zo da wani tunani: kowane mahaɗi daga wani shafi zuwa naka tamkar shaida ce, kuma shaidar wanda shi ma mutane da yawa suka shaide shi ta fi nauyi. Duk wanda ya taɓa neman bashi a kasuwa ya san wannan tsari, domin ba a tambayar baƙo ya yabi kansa, tambayarsa ake yi wa ya san shi, kuma idan ya ambaci dattijon da aka yarda da shi, magana ta ƙare. Raunin tsarin ma iri ɗaya ne da na kasuwa, wato ana iya sayen shaida, ana iya ƙirƙirar masu shaidar, ana kuma iya sace hular dattijon a saka. Masu shafukan shara sun yi duk ukun. Sun gina ɗaruruwan shafuka marasa amfani da ke nuni zuwa ga juna, sun cika wuraren sharhi na shafukan mutane da mahaɗai har sai da Google da Yahoo da Microsoft suka haɗu a farkon 2005 suka fito da wata alama da mai shafi zai iya saka wa mahaɗi domin a san bai tsaya masa ba, sannan suka koma shiga gidajen da suka riga suka yi suna. A nan ne na gane abin da aka sace mana. Ba mu da kuɗi a shafin, ba mu da wani sirri. Abin da muke da shi shekaru ne, da 'yan mahaɗai daga makarantu da jaridun da suka taɓa ambatonmu, kuma wannan ɗan mutunci shi ne ya sa na'urar zagaye ta ɗauki sababbin shafuka daga adireshinmu da sauri fiye da yadda za ta ɗauka daga adireshin da aka yi wa rajista jiya.

Sai kuma lissafin riba, wanda idan mutum bai fahimce shi ba zai yi ta mamakin me ya sa ba a gama da matsalar ba. A rahotonsa na shekarar 2020 Google ya ce yana gano shafukan shara biliyan 40 a kowace rana, kuma mafi yawansu ba sa kaiwa ga idon kowa. Amma wanda ke ƙera shafi da na'ura, kuɗin shafi na dubu ɗari kusan daidai yake da kuɗin shafi na farko. Ba ya bukatar duka su tsira, ba ya ma bukatar su daɗe. Idan kaɗan suka tsallake matattara suka zauna a sakamako na 'yan makonni, sun biya kuɗin aikin, idan an rufe wannan adireshi kuma akwai wasu a ajiye. A 2011 Google ya cire dukkan shafukan da ke ƙarƙashin wani adireshi na kyauta mai suna co.cc, fiye da miliyan 11 a lokaci guda, saboda yawan sharar da ke cikinsu, amma hakan bai hana masu sana'ar komawa wasu wuraren ba.

Kuma ba sa neman yin gogayya a kan manyan tambayoyin da manyan jaridu da kamfanoni suka mamaye. Google ya sha faɗin cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na tambayoyin da ake yi masa kullum bai taɓa ganin irinsu ba. Akwai miliyoyin tambayoyi dogaye masu takamaiman bayani, kamar lambar wani ƙarfen injin janareta, ko sunan wani magani haɗe da sunan wani gari, ko saƙon kuskuren da wata tsohuwar waya ke nunawa, waɗanda babu wani mutum da ya taɓa zama ya rubuta musu amsa. Dole injin ya nuna wani abu, kuma idan shafi ɗaya ne tak a kundin ke ɗauke da waɗannan kalmomi a jere, shi zai fito ko da tarkace ne. Shi ya sa masu shara ke tattara jerin tambayoyin da mutane ke yi, su ba na'ura ta ƙera wa kowace tambaya shafinta.

Yadda ake samar da rubutun kansa ya sauya sau da yawa. Hanya mafi sauƙi ita ce kwashe rubutun wasu a liƙa. Da injuna suka iya gane kwafi, sai aka fito da manhajojin da ke sauya kalmomi da masu kama da su, a juya maƙala ɗaya ta zama hamsin, kowace da 'yar bambancin da zai ruɗi na'ura duk da cewa mai karatu zai ji jimlolin sun karkace. Akwai kuma waɗanda ke haɗa gutsattsarin jimloli bisa lissafin wace kalma ce ta saba bin wace, rubutun ya yi kama da magana daga nesa, idan an matso a tarar babu ma'ana. Bayan su aka samu kamfanonin da ke biyan mutane ɗan abin da bai taka kara ya karya ba su rubuta dubban gajerun maƙaloli a kan duk abin da ake yawan nema. Sauyin da Google ya yi a watan Fabrairun 2011, wanda aka sani da Panda, waɗannan ya nufa, kuma ya shafi kusan kashi 12 cikin ɗari na tambayoyin da ake yi a Amurka. A watan Afrilun 2012 wani sauyin mai suna Penguin ya biyo baya domin hukunta mahaɗan da aka saya ko aka ƙirƙira. Kowane sauyi ya karya wasu, ya kuma koya wa sauran inda sabuwar iyaka take.

Fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai rubutu kamar mutum, a watan Nuwamban 2022 ta kawar da babbar alamar da ake gane shara da ita, wato karkataccen rubutu. Yanzu na'ura na iya rubuta jimloli masu santsi, da sakin layi a tsare, a kan kowane batu, cikin daƙiƙoƙi. A watan Mayun 2023 kamfanin NewsGuard, mai bin diddigin ingancin kafofin labarai, ya wallafa rahoton shafuka 49 da ke kama da jaridu alhali ƙirƙirarriyar basira ce ke rubuta su ba tare da wani edita ba, kuma abin dariya shi ne an gano wasunsu ne saboda sun wallafa har da saƙon ban haƙurin da manhajar ke bayarwa idan ta ƙi yin aikin da aka sa ta. Matsayin da Google ya bayyana a farkon 2023 shi ne cewa ba ya hukunta rubutu don kawai na'ura ce ta yi shi, yana duba amfaninsa ne ga mai karatu. A watan Maris na 2024 ya fito da sababbin ƙa'idoji uku: ɗaya a kan ƙera shafuka masu ɗimbin yawa domin jan matsayi ko da mutum ne ya rubuta su, ɗaya a kan sayen tsofaffin adireshin da wa'adinsu ya ƙare domin cin gajiyar sunansu, ɗaya kuma a kan manyan shafukan da ke ba wasu hayar wani sashe nasu su ɗora tallar da ba ta da alaƙa da su. Da na karanta ƙa'idojin nan na lura cewa biyu daga cikin ukun ba su shafi rubutun ba sam, sun shafi aron mutuncin wani ne, wato daidai abin da aka yi mana.

Ƙa'ida ta biyu, wato ta sayen tsofaffin adireshi, ta taɓa ni ta wata fuskar ma. Shekaru kafin wannan kutse mun taɓa buɗe wani adireshi daban domin wani shiri na wucin gadi, aka buga shi a takardu da alluna, wasu shafuka suka yi nuni zuwa gare shi. Da shirin ya ƙare sai na ba da shawarar a daina biyan kuɗinsa, ina ganin na yi wa ƙungiya tattali. Adireshi irin na .com idan wa'adinsa ya ƙare akwai ɗan lokacin alfarma, sannan kwana 30 da mai shi zai iya fanso shi da ƙarin kuɗi, sannan kwana 5 na jiran gogewa, daga nan ya koma kasuwa kowa na iya ɗauka. Akwai masu sana'ar jiran wannan rana, suna da manhajojin da ke auna yawan mahaɗan da ke nuni zuwa kowane adireshin da ke gab da faɗuwa, su kama shi cikin daƙiƙar da aka sake shi. A lokacin da nake bin diddigin kutsen ne na tuna da tsohon adireshin, na buɗe shi, na tarar da shafin caca. Wannan kuwa babu gyara, domin wanda ya saya bai karya doka ba, kuma tsofaffin takardunmu da ke hannun mutane har yanzu can suke nunawa. Kuɗin da na ce na tattala bai kai na man da muke zuba wa janareta a mako ɗaya ba.

Akwai wani ɓangare na wannan matsala da ban fara ganinsa ba sai da idona ya buɗe, kuma ya shafe mu masu karatu da Hausa kai tsaye. A 2018 wasu masu bincike biyu, Michael Golebiewski na kamfanin Microsoft da danah boyd, suka yi rubutu a kan tambayoyin da babu ingantaccen bayani a kansu a intanet, suka nuna yadda irin wannan fili da babu mai shi ke zama wurin da masu mugun nufi ke saurin kafa bukka. Idan haka ne ga wasu tambayoyi a Turanci, to a Hausa filin ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Google Translate ya fara fassara Hausa a ƙarshen 2013, kuma tun daga lokacin ya zama abu mai sauƙi mai shafi a wata ƙasa, wanda bai taɓa jin kalmar Hausa ko ɗaya ba, ya latsa maɓalli shafinsa ya fito cikin harsuna masu yawa har da namu. Duk wanda ya taɓa neman bayani da Hausa a kan wata cuta, ko kiwon kaji, ko gyaran waya, ya ci karo da irin waɗannan shafuka: kalmomin Hausa ne, amma an kira mace da "ya" an kira namiji da "ta" a jimla ɗaya, an fassara sunan kamfani kamar kalma, an kawo shawarar da ta dace da ƙasar da ake dusar ƙanƙara. A farkon 2024 wasu masu bincike, mafi yawansu daga kamfanin Amazon, suka nuna cewa kaso mai yawa na rubutun da ke intanet cikin harsunan da ba su da yalwar rubutu fassarar na'ura ce, kuma sau da yawa abin da ake fassarawa ɗin tun asali rubutu ne mara inganci da aka yi domin talla. A ganina wannan ya fi kutsen Japananci haɗari, domin wanda ya ga baƙon rubutu zai ja da baya, amma uwar da ke neman yadda za ta auna wa yaro maganin zazzaɓi, idan ta ga bayani da harshenta a saman sakamako, babu abin da zai gaya mata cewa babu wani mai hankali da ya taɓa karanta wannan shafi kafin ita. Kuma matatun da ake gina wa shara sun fi ƙarfi a harsunan da ke da masu korafi da yawa da misalai da yawa.

Ba zan ɗora wa masu shara laifin duka ba, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ke ciyar da yawancin waɗannan shafuka talla ce da ake sakawa ta atomatik, da kuma ladan da kantuna ke biya idan mai karatu ya bi mahaɗi ya sayi kaya. Tun da aka fito da AdSense, tsarin Google na saka talla a shafukan mutane, a 2003, duk wanda zai iya jawo ido zuwa shafi zai iya samun kuɗi, kuma mai tallar sau da yawa bai san inda tallarsa ta sauka ba. Wasu masu bincike a Jamus, daga jami'o'in Leipzig da Weimar, sun shafe shekara guda suna bibiyar tambayoyi 7,392 na neman shawarar sayen kaya a injunan bincike na Google da Bing da DuckDuckGo, suka wallafa sakamakon a 2024. Sun gano cewa shafukan da ke hawa sama sun fi yawan mahaɗan neman lada kuma rubutunsu ya fi rauni, sannan duk lokacin da injunan suka yi gyara sharar takan ragu na ɗan lokaci ta sake dawowa. Wannan ya yi daidai da abin da na gani da idona, kuma ya sa na daina jiran ranar da wani sauyi guda zai share komai.

Gyaran namu shafin ya ɗauke ni lokaci fiye da yadda ya kamata saboda wani kuskure da na tafka. Cikin gaggawa, bayan na goge fayilolin da aka dasa, na sauya kalmomin sirri, na cire baƙon mai shafin tare da fayil ɗin da ya tabbatar da kansa da shi, sai na shiga fayil ɗin robots.txt, wanda ke gaya wa na'urorin zagaye inda aka hana su shiga, na rufe hanyar duk adireshin bogin. Na ɗauka na toshe ɓaraka ke nan. Makonni suka wuce layukan Japanancin suna nan a sakamako, shugaba yana tambayata kullum, ni kuma ina cewa ana kan aiki. Abokin aikin nan nawa ne ya sake ceto ni. Ya ce, "Ai kai ka hana shi ganin cewa sun mutu." Yawanci injin ba ya cire shafi daga kundinsa sai ya dawo ya nema an amsa masa da cewa babu shi, wato lambar 404 ko 410, kuma ni da hannuna na rufe ƙofar da zai bi ya ji wannan amsa. Da na buɗe hanyar, na tabbatar kowane adireshin bogi yana amsa cewa an cire shi, sai adadin ya fara sauka a hankali, ba a rana ɗaya ba, domin na'urar ba ta zagayo kan ƙaramin shafi irin namu kullum. Sai da na sake gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da suka bari a cikin babban fayil ɗin hotuna, mai suna kamar na hoto, wadda da ban gan ta ba da sun dawo cikin dare ɗaya. A ƙarshe na sauke komai na sake ɗora WordPress sabo, na dawo da rubuce-rubucenmu kawai, domin na kasa amincewa da duk wani fayil da ban san asalinsa ba.

Shugaban bai sake tayar da maganar jakunkuna ba, sai dai ranar da na kai masa takardar kasafin shekara ya tsaya a kan wani sabon layi na ci gaba da biyan kuɗin adireshin wani shirin namu daban, ya ce, "Malam, wannan adireshi na uku fa? Ai shirin ya ƙare tun bara." Na ce, "Ranka ya daɗe, ya ƙare, amma sunanmu yana jikinsa." Ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya sa hannu. Yanzu kowace safiyar Litinin, kafin in buɗe wasiƙu, nakan tambayi Google ya jero mini shafukan da ya sani a ƙarƙashin adireshinmu, in ƙirga su, in duba jerin masu shafin a Search Console in tabbatar sunana da na shugaba ne kawai a wurin. Tsohon adireshin nan kuwa na leƙa shi kwanakin baya, na tarar cacar ta tashi, wani ya sake sayensa ya cika shi da maƙaloli a kan inshorar mota, cikin harsuna da dama, har da wata Hausa da ta kira mota "shi".